Michael Faraday: Ɗan maƙerin da ya auna abin da wutar batir ke ɗorawa kan ƙarfe

Duk matar da ta taɓa sayen sarƙa ko 'yan kunne masu ruwan gwal a kasuwar Funtuwa ko ta Malumfashi ta san yadda abin ke ƙarewa. Wata sarƙar takan shekara biyu tana ƙyalli. Wata kuwa tun ba a gama zuwa ganin ɗakin amarya ba ta koɗe, ƙarfen da ke ƙasa ya leƙo. Babban abin da ya bambanta su shi ne kaurin zinariyar da aka dalaye su da ita, kuma wannan kauri ba sa'a ke kawo shi ba, lissafa shi ake yi.

Haka ma samarin da kan ga ana wannan aiki a waya su ce bari su gwada a gida. Sai a samo roba, a zuba ruwan sinadari, a jawo waya biyu daga batirin mota ko na sola, a tsoma makulli ko zobe. Cikin 'yan mintuna ruwan ya hau kumfa, abin da aka tsoma ya fito baƙi ƙirin, ana shafa shi da yatsa yana zuba kamar toka. Yawanci sinadarin ake ɗora wa laifi, alhali laifin na wuta ne da aka sake ta babu linzami.

Mutumin da ya fara gano ƙa'idar wannan al'amari, ya auna ta da sikeli, ɗan maƙeri ne da bai wuce karatun firamare ba. Sunansa Michael Faraday.

An haife shi ranar 22 ga Satumba, 1791, a Newington Butts, wani ƙauye da birnin Landan ya haɗiye daga baya. Mahaifinsa James maƙeri ne da ya baro arewacin Ingila da iyalinsa 'yan watanni kafin haihuwar, yana neman abin rufin asiri. Ba shi da isasshiyar lafiya, don haka sau da yawa maƙerar a rufe take wuni. Michael shi ne na uku cikin 'ya'ya huɗu. A 1801, da hatsi ya yi tsada a Ingila, sai da gidan ya koma karɓar tallafi, kuma akwai lokacin da burodi guda ɗaya ne rabon yaron na mako guda. Abin da ya samu a makaranta bai wuce karatu da rubutu da ɗan lissafi ba. Wannan gibi na lissafi bai taɓa cike shi ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Yana ɗan shekara 13 ya zama yaron aike a shagon wani mai sayar da littattafai da ɗinka musu bango, George Riebau, yana raba jaridu gida-gida. Bayan shekara guda, a Oktoban 1805, Riebau ya ɗauke shi koyon sana'a na shekara bakwai. A al'adar lokacin iyaye ke biyan ubangida kuɗin koyarwa, amma Riebau ya yafe. Ya kuma yi wani abu da ba kowane ubangida ke yi ba: ya ƙyale yaron yana karanta littattafan da aka kawo ɗinki. A nan ya ci karo da babin lantarki a cikin kundin Encyclopaedia Britannica, da littafin wata mata, Jane Marcet, wadda ta rubuta ilimin sinadarai a matsayin hira tsakanin malama da ɗalibanta biyu. Ɗabi'ar da ta bi shi har tsufa a nan ta tsiro. In ya karanta abu ba ya yarda da shi sai ya gwada da hannunsa, da tsofaffin kwalabe da guntayen katako da 'yan kwabban da ya tara.

Mahaifinsa ya rasu a 1810. A shekarar ce ya fara zuwa laccocin dare da wani maƙerin azurfa, John Tatum, ke gabatarwa a gidansa, kowace lacca sule guda. Yayansa Robert ne ke biya masa.

Kwabbai bakwai da ruwan gishiri

A farkon 1812 wani abokin cinikin shagon, William Dance, ya ba shi tikitin sauraren laccoci huɗu na Humphry Davy a cibiyar Royal Institution. Davy shi ne tauraron masana sinadarai na Ingila a lokacin, kuma da wutar batir ya yi suna. Shekara 12 ke nan kacal da wani Ba'italiye, Alessandro Volta, ya ƙera batir na farko a duniya, ta hanyar jera faifan ƙarfe iri biyu ɗaya kan ɗaya da jiƙaƙƙen abu a tsakaninsu. Da irin wannan batir, amma babba, Davy ya fitar da wasu ƙarafa da ba a taɓa gani ba a 1807.

Faraday ya koma shago ya ce shi ma sai ya yi nasa. A watan Yulin 1812 ya sayo fallen tutiya ya yanko faifai bakwai, ya samo kuɗin jan ƙarfe bakwai, irin wanda dattawanmu ke kira ɗari, wato rabin kwabo, ya jiƙa takardu shida da ruwan gishiri ya jera su. Ƙarfin wannan batir bai kai rabin na mota ba. Ya jona waya biyu ya tsoma su cikin ruwan gishirin nan na magani da ake sha don wanke ciki. Nan da nan kumfa ya rufe wayoyin, bayan kamar awa biyu kuma ruwan da yake garau ya gurɓace. Wutar ta farfasa gishirin.

Ya sake yin wani batirin da ya fi wannan girma. Da ya zo warware shi ya lura da abin da wani zai goge ya wuce: wasu faifan tutiyar sun ɗauki siririn shafe na jan ƙarfe. Ke nan jan ƙarfe ya narke daga gefe guda, ya ratsa jiƙaƙƙen abin da ke tsakani, ya sauka a ɗaya gefen. Ya rubuta wa abokinsa Benjamin Abbott labarin, yana mamakin yadda haka ta faru. Shekarunsa 20 a lokacin, kuma sai da ya ƙara wasu 20 kafin ya samo amsar da ta gamsar da shi.

Da wa'adin koyon sana'a ya cika a Oktoban shekarar, ya kama aiki wurin wani ubangida mai zafin rai, zuciyarsa kuwa tana wani wuri. Ya rubuta wa shugaban ƙungiyar masana ta Royal Society, Joseph Banks, yana roƙon kowane irin aiki, ko da na wanke kwalabe ne. Ko amsa bai samu ba. Sai ya tattara bayanan da ya rubuta na laccocin Davy, shafi wajen 300, ya ɗinke su da hannunsa ya aika masa. Allah da ikonsa, Davy ya ji rauni a ido sakamakon fashewar wani sinadari, ya kira shi ya taya shi rubutu na 'yan kwanaki. Ba a jima ba aka kori mai taimako a ɗakin gwaje-gwajen cibiyar saboda faɗa. Ranar 1 ga Maris, 1813 aka bai wa Faraday gurbin, a kan sule 25 a mako da ɗakin kwana a saman bene.

A Oktoban 1813 Davy ya tafi da shi rangadin Turai, ana tsakiyar yaƙi tsakanin Ingila da Faransa, da izini na musamman daga Napoleon. Baran Davy ya ƙi tafiyar, sai aikin bara ya faɗa kan Faraday. Uwargidan Davy ba ta ɗauke shi a bakin komai ba, da barori take tura shi cin abinci, har ya yi tunanin ya bar su ya koma ɗinkin littattafai. Amma ya daure wata 18. A Faris ya ga manyan masana ido da ido, a Milan kuma, cikin watan Yunin 1814, ya haɗu da Volta kansa, yana dattijo. Wannan tafiya ita ce jami'arsa.

A Italiya ɗin nan kuwa tuni an taɓa yin aikin da muke magana a kai. A 1805 wani abokin Volta, Luigi Brugnatelli, ya dalaye lambobin azurfa biyu da zinariya ta hanyar batir. Babu wanda ya ɗauki abin da muhimmanci, ya kwanta shekara 30 da ɗoriya. Batirin zamanin yakan fara da ƙarfi ya mutu nan da nan, kuma babu wanda ya san wuta nawa ke ba da zinariya nawa.

Shekarun da suka biyo baya za a iya taƙaita su, ko da yake kowace ɗaya ta isa labari. A 1821 ya auri Sarah Barnard, kuma a shekarar ya sa waya mai ɗauke da wuta ta riƙa zagaya maganaɗisu, wanda shi ne kakan duk wata fanka da injin niƙa mai aiki da lantarki. Aka zarge shi da satar tunanin wani masani, William Wollaston, zargin da ya yi masa ciwo. A 1824 aka zaɓe shi ɗan Royal Society duk da adawar Davy, ubangidan da ya ga yaronsa na neman shan gabansa. A 1825 ya zama shugaban ɗakin gwaje-gwajen. Ranar 29 ga Agusta, 1831 ya naɗa waya biyu a jikin zoben ƙarfe, ya ga cewa kunna wuta ko kashe ta a ɗaya na haifar da wuta a ɗayar, cikin 'yan makonni kuma ya samar da wuta ta hanyar juya faifan jan ƙarfe tsakanin bakin maganaɗisu. Taransifomar unguwa da janaretan shago duk daga nan suka fito.

Shekarun sikeli

Mutane sun fi tuna shi da aikin 1831. A ganina, aikin da ya yi daga 1832 zuwa 1834 ya fi nuna ko wane ne shi, domin babu walƙiya a ciki, sai haƙuri da awo.

Da farko ya tabbatar da cewa wutar da ake samu daga batir, da ta maganaɗisu, da wadda ake samu ta hanyar goga abu da abu, duk abu guda ne. Daga nan ya fuskanci matsalar awo. Babu shagon da zai je ya sayo mita, sai ya ƙera tasa. Kwalba ce mai ruwa da ɗan asid a ciki, da fallen filatinam biyu, da bututun gilashi mai zane-zanen awo a sama. In wuta ta ratsa ruwan takan farfasa shi ya zama iska, iskar ta taru a bututun. Yawan iskar shi ne yawan wutar da ta wuce.

Kafin ya yarda da kwalbar sai da ya nemi ya ƙaryata ta. Ya canza girman fallayen. Ya ƙara asid, ya rage. Ya sa batir mai ƙarfi, ya sa mai rauni. Ya jera kwalabe daban-daban a layi guda yadda wuta ɗaya za ta bi ta cikinsu duka. Kowane karo sakamakon bai canza ba: muddin yawan wutar da ta wuce ɗaya ne, iskar da za ta taru ɗaya ce. Batir mai ƙarfi yakan gama da wuri, mai rauni ya daɗe, amma ba a samun ƙari ko ragi.

Sai ya koma kan ƙarfe. Ya auna nauyin wayar filatinam, ya sa ta cikin narkakken gishirin kuza, ya jona da kwalbar awonsa a layi guda, ya saki wuta. Da ya gama ya sake auna wayar da kuzar da ta manne mata, ya kwatanta da iskar da ta taru. Ya maimaita da dalma da wasu abubuwan. Abin da ya fito, wanda ya gabatar a farkon 1834, ƙa'ida biyu ce. Ta farko, nauyin ƙarfen da zai sauka yana tafiya daidai da yawan wutar da ta wuce, in an ninka wutar ya ninku. Ta biyu, kowane sinadari na da nasa rabo da ba ya canzawa: wutar da za ta fitar da awo 1 na iskar haidirojin ita ce za ta sauke kimanin awo 58 na kuza, ko 104 na dalma.

Har kalmomin da zai yi bayani da su babu, sai da ya nemi taimakon wani malamin Cambridge, William Whewell, suka ƙirƙiro su daga harshen Girkanci. Anod da katod da ɗaliban sakandare ke haddacewa yau daga wannan musayar wasiƙu suka fito. Katod shi ne gefen da ƙarfe ke sauka, wato abin da ake son dalayewa, kuma da kan batir mai alamar ɗebewa ake jona shi.

Faraday ya riƙa bambanta abu biyu, yawan wuta da ƙarfinta. Sunayen bolt da amfiya sai a 1881 aka amince da su a wani taro a Faris, bayan rasuwarsa. Manomin rani a bakin madatsar Mairuwa ya san bambancin ko da bai san sunayen ba. Ƙarfin da injin ban-ruwa ke tura ruwa da shi daban, yawan ruwan da ke bin tiyo daban, kuma abin da ke cika fangali shi ne yawan ruwan da tsawon lokacin da ya ɗauka yana zuba. Bolt shi ne turawar, amfiya shi ne gudanar. In turawar ta yi yawa ba ta ƙara wa shuka komai, kwashe ƙasa take yi.

Da alƙaluman yau, amfiya 1 na tsawon awa 1 yana sauke giram 1.19 na jan ƙarfe, ko giram 1.1 na nikel, ko giram 4 na azurfa. In aka shimfiɗa wannan jan ƙarfe a fili mai santimita 10 tsawo da 10 faɗi, kaurinsa zai kai kamar kashi ɗaya cikin biyar na silin gashi. Lambar nan da ake rubutawa a jikin batir, 75Ah ko 100Ah, wannan awon ne dai, amfiya sau awa. Batir mai 75, da za a zuƙe shi tas, abin da zai iya saukewa bai wuce giram 89 na jan ƙarfe ba.

To me ya sa makullin saurayin nan ya fito baƙi? Batirin mota bolt 12 ne, alhali ruwan dalaye jan ƙarfe, in ɗaya gefen ma jan ƙarfe ne, bolt 1 zuwa 3 ya ishe shi. In aka jona kai tsaye, wuta na kwarara fiye da yadda jan ƙarfen da ke narke a ruwan zai iya isowa jikin makullin. Ragowar wutar ba ta ɓacewa, ƙa'idar Faraday ba ta yarda da haka ba. Sai ta koma farfasa ruwa, shi ne kumfan da ake gani, ƙarfen da ya samu sauka kuma ya sauka a hargitse, gari-gari, ya fara ƙonewa ta baki-baki da kusurwoyi. Kumfa mai yawa a jikin abin da ake dalayewa alama ce ta a rage wuta.

Hanyar ragewa mafi sauƙi ita ce a sa wani abu a kan hanyar wutar ya shaƙe ta, kuma ƙwan fitilar mota na yin wannan aiki. Ƙwai mai wat 5 in aka jona shi a layi guda da robar ba zai bar abin da ya wuce kimanin amfiya 0.4 ya wuce ba, mai wat 21 kuma kimanin 1.75. Ana iya amfani da batirin tocila ɗaya ko biyu maimakon na mota. Nisanta ƙarafan biyu a cikin ruwan ma na rage wutar kaɗan, ya kuma sa shafen ya bazu daidai. Abin da ake dubawa shi ne faɗin jikin abin: a ruwan da ba a motsa shi sosai, amfiya 1 zuwa 2 ga kowane fili mai santimita 10 da 10. Makulli, gaba da baya, bai fi kashi ɗaya cikin biyar na wannan ba, don haka ƙaramin ƙwan ya ishe shi. Mitar da masu gyaran waya ke amfani da ita, in aka sa ta a layin, tana yin aikin da kwalbar Faraday ta yi masa.

Akwai abin da lissafi ba ya magancewa. Maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya hana shafe kamawa. Baƙin ƙarfe kuma in aka tsoma shi a shuɗin ruwan jan ƙarfe mai asid, yakan yi ja da kansa tun kafin a jona wuta, kuma wannan jan ba ya riƙewa, duk abin da aka ɗora a kansa tare za su ɓare. Shi ya sa masu sana'ar kan fara yi masa shafen nikel.

Wasu suka ci riba

Abin da ya biyo bayan 1834 ya zo da sauri. A 1836 abokinsa John Daniell ya ƙera batirin da ke ba da wuta daidai-wa-daida na tsawon awanni. A 1838 Moritz Jacobi, a ƙasar Rasha, ya nuna yadda ake kwafar zane da jan ƙarfe ta hanyar wuta. A Birmingham wani likita, John Wright, ya gano cewa zinariya da azurfa na sauka sumul in an narkar da su a ruwan sayanaid, kuma a 1840 George Elkington da ɗan uwansa Henry suka yi rajistar hanyar da sunansu, suka cika kasuwannin duniya da cokula da butocin shayi masu ruwan azurfa. A 1844 aka kafa wani janareta da John Woolrich ya tsara a wata masana'antar dalaye ƙarfe a birnin, ɗaya daga cikin na farko da aka sa aikin kasuwanci. Bincike biyu na Faraday, na 1831 da na 1834, suka haɗu a ɗaki guda suna yi wa wasu kuɗi.

Ba kuɗi kaɗai abin ya kawo ba. Kafin lokacin, da zaiba ake dalaye abu da zinariya: a kwaɓa su tare, a shafa, a gasa har zaibar ta tashi. Hayaƙin yakan sa ma'aikata karkarwa da zubar haƙora, ya kashe su a hankali. Wutar batir ta kawar da wannan. Sai dai sayanaid ɗin da ya maye gurbin ba abin wasa ba ne. Ɗan kaɗan ɗinsa na kisa, in kuma ya haɗu da asid, ko da ruwan batir ne, yakan tashi iskar da ke kashe mutum cikin mintuna. Wanda ke gwaji a tsakar gida, inda yara da kaji ke yawo, ya tsaya a jan ƙarfe da tutiya, ya bar zinariya da azurfa ga masu wurin da aka tanada. Faraday da kansa, duk da taka-tsantsan ɗinsa, ya sha fashewa a ɗakin gwaji, har tartsatsin gilashi ya taɓa shiga idonsa.

Shi dai bai taɓa yin rajistar wata ƙirƙira da sunansa ba. A wajen 1830 yana samun kuɗi masu kauri daga auna kaya ga 'yan kasuwa da ba da shaida a kotu, amma ya rage wannan aiki ƙwarai don ya samu lokacin bincike. Wannan na da alaƙa da aƙidarsa. Shi ɗan wata ƙaramar ɗariƙar Kirista ce da ake kira Sandemaniyawa, waɗanda ba su yarda da tara dukiya ba, kuma ya zama dattijo a cikinsu a 1840. An yi masa tayin sarautar Sir ya ƙi. An nemi ya shugabanci Royal Society, ƙungiyar da shugabanta ya taɓa ƙin amsa wasiƙarsa, nan ma ya ƙi. Lokacin yaƙin Kirimiya gwamnati ta tuntuɓe shi kan haɗa iska mai guba, ya ce ba da hannunsa ba.

Aikin jama'a kuwa bai guje masa ba. Kusan shekara 30 yana bai wa hukumar fitilun gaɓar teku shawara. A 1844 shi da Charles Lyell suka binciki fashewar mahaƙar kwal ta Haswell, inda mutum 95 suka mutu, suka nuna cewa ƙurar kwal ta ƙara wa wutar ƙarfi. Sau 19 yana gabatar da laccocin Kirsimeti na yara a cibiyarsu, mafi shahara a ciki ita ce wadda ya yi a kan yadda kyandir ke ci.

Tun daga 1839 mantuwa da jiri suka fara damunsa, har ya yi 'yan shekaru ba ya aikin kirki. Ya dawo a 1845 ya gano cewa maganaɗisu na shafar haske. Abin da ya cece shi daga mantuwar shi ne littafin gwaje-gwajensa, inda yake bai wa kowane sakin layi lamba, har suka haura 16,000, wanda ya yi nasara da wanda bai yi ba duk yana ciki. Tunaninsa game da layukan ƙarfi da ke kewaye da maganaɗisu, wanda masu lissafi suka daɗe suna yi wa kallon shirmen wanda bai yi makaranta ba, sai da wani matashi, James Clerk Maxwell, ya zuba shi cikin lissafi aka gane gaskiyarsa. Mai gyaran rediyo ko talabijin da ke duba lambar da ke jikin kafasita, harafin F ɗin da yake gani na Faraday ne.

A 1858 Sarauniya Victoria ta ba shi gida a Hampton Court. Ya yi laccarsa ta ƙarshe a 1862, ƙwaƙwalwarsa na ƙara dusashewa, har ya koma yawanci yana zaune shiru a kujera. A kujerar ya rasu ranar 25 ga Agusta, 1867, saura wata guda ya cika shekara 76. Shi da Sarah ba su samu haihuwa ba. Tun yana raye ya ƙi a binne shi a cocin Westminster tare da sarakuna da manyan ƙasa, don haka aka kai shi maƙabartar Highgate, 'yan uwa da abokai kaɗan suka raka shi. A kan dutsen kabarin an rubuta sunansa da ranar haihuwa da ta rasuwa. Sarah ta biyo shi a 1879, aka binne ta a wuri guda.